WA YA KASHE TANAR LAMBU?

Maganar da za mu yi a wannan fitowa, watakila wani ya ce ba ta isa a ɓata takarda a kanta ba, gama maganar tana ce. I, tana dai da kuka sani, wadda yara ke tonowa a bakin rafi su sa a ƙugiya, wadda kaji ke tsere a kanta bayan an ɗauke ruwa. Muna roƙo ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba a wurin taron ƙungiya.

A ranin da ya wuce mun kai ziyara wani lambu a fadama, ba nisa da garin Daura. Mai lambun dattijo ne, ɗan ƙungiya mai ƙwazo, ba a taɓa bin sa bashin kuɗin wata ba. Tumatirinsa ya fara yaushi, ya tuge ɗaya ya ga saiwar ta yi ƙulu-ƙulu, sai ya tafi kasuwa aka ba shi wani magani mai kamar tsakin gero. Ya barbaɗa a gindin shuka da yamma, ya sako ruwa. Da muka iso da safe muka tarar da tana kwance birjik a kan fangali. Waɗansu sun ƙudundune sun sandare, waɗansu sun kumbura wuri-wuri, waɗansu har sun gutsure biyu. Shi kuwa sai murna yake yi. Ya ce, "Malamai, kun ga magani na gaske! Har abin da ke ɓoye a cikin ƙasa ya fito da shi." Muka ce, "Baba, ina kwalinsa mu duba?" Ya ce ai ba shi da kwali, da cokali aka auno masa aka ƙulle a leda. Muka tambayi sunansa, ya ce mai sayarwa ya ce masa sunansa maganin ƙasa.

Bayan kwana biyu ya aiko mana jikansa da labari cewa kaza guda da 'yan tsakinta, waɗanda suka yi kiwo a gefen lambun, sun mutu.

Ba mu ga laifin wannan dattijo ba. Tumatirinsa ne ke mutuwa, kuɗin iri da na man inji kuma bashi ne. Amma mun ga cewa akwai abin da mu malaman gona muka kasa faɗa wa jama'a tuntuni. Mun yi ta koyar da yadda ake kashe ƙwari, ba mu koyar da waɗanda bai kamata a kashe ba.

Bari mu fara da gaskiyar ƙasarmu. A gonakin jigawa na Daura, da Sandamu, da Mai'aduwa, da Zango, da Ɓaure, tana ba ta da yawa. Ƙasar rairayi ce, damina gajera ce, rana kuma ta fi ƙarfinta. A can gara ce ke yin yawancin aikin huda ƙasa da narkar da kara. Inda za ka sami tana sosai shi ne fadama, da lambu, da gindin gawo, da ƙarƙashin juji, da bakin makwarara a bayan gida, watau duk inda akwai laima da ruɓaɓɓen ganye. In rani ya yi takan nutsa can ƙasa, ta nannaɗe jikinta a cikin ɗan ɗaki, ta yi kwance har laima ta dawo. To, ku lura da wannan. Wurin da tana ta fi yawa, watau lambun rani, nan ne kuma muka fi zuba magani. Tun farkon shekarun 1990, sa'ad da shirin Fadama ya yaɗa rijiyoyin burtsatse da injin ban-ruwa, jigo ya ja da baya, noman rani ya bunƙasa, haka kuma a kewayen madatsun ruwa na Sabke da Daberam. Albasa, da tumatir, da attaruhu, da kabeji sun kawo kuɗi. Famfon feshi kuma ya shigo tare da su, bai fita ba.

Me tana ke yi mana? Tana cin ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen ganye da taki, ta niƙa su a cikinta, ta fitar da su. Waɗannan 'yan dunƙule-dunƙule da kuke gani a kan fangali da safe kashinta ne, kuma an sha auna shi an ga ya fi ƙasar da ke kewaye da shi abincin shuka wanda saiwa ke iya sha nan da nan. Ramukan da take haƙawa kuwa su ne hanyar ruwa da iska. Fangalin da ke da tana yakan shanye ruwa da sauri ya riƙe shi. Wanda ba shi da ita, ruwa yakan kwanta a kai, rana ta fito ya yi ɓawo, saiwa ta rasa numfashi. Kowane mai lambu ya san irin wannan fangali, sai dai yakan ce ƙasa ce ta gaji.

Ba yau aka gane wannan ba. A shekarar 1881 wani masani na Ingila, Charles Darwin, ya buga littafi sukutum a kan tana, shi ne ma littafinsa na ƙarshe kafin ya rasu a 1882. Ya ƙiyasta cewa a wurare da yawa na ƙasarsu, fiye da tan 10 na ƙasa ke ratsa cikin tana a kowace eka a shekara guda. A nan gida Nijeriya, binciken da aka yi a cibiyar IITA ta Ibadan a shekarun 1970 ya nuna cewa gonar da aka rufe da ciyawa ko kara, ba a yawan juya ta da garma, ta fi tana da kashin tana nesa ba kusa ba. Sa'an nan a 2023 waɗansu masana na jami'ar Jihar Kolorado a Amurka suka yi lissafin duniya duka. Suka ce kimanin kashi 6.5 cikin 100 na hatsin da duniya ke nomawa, watau masara da shinkafa da alkama da sha'ir, aikin tana ne, a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara kuwa abin ya kai kashi 10 cikin 100. Dalilin da ya sa rabonmu ya fi yawa a fili yake. Wanda ba shi da kuɗin takin zamani mai yawa, shi ne ya fi dogara ga abin da ƙasa ke yi da kanta. In kana da buhu goma, ɗaya na wannan ma'aikaciya ne, ba ta kuwa taɓa tambayarka lada ba.

To, me ya sa magani ke kashe ta da sauri haka? Tana ba ta da huhu. Da fatarta take numfashi, tilas kuwa fatar ta zauna da laima kullum. Duk abin da ya narke a ruwan ƙasa yana shiga jikinta kai tsaye. Wanda ya taɓa barbaɗa wa tana gishiri yana yaro ya ga wannan da idonsa. Ban da haka kuma ƙasar ce abincinta, saboda haka guba tana shigarta ta waje, tana shigarta ta ciki. Ba ta da fiffike ta tashi, ba ta da ƙafa ta gudu. Yawancin magungunan ƙwari masu ƙarfi jijiya suke kamawa. Akwai wani sinadari a jikin kowace dabba wanda ke sa jijiya ta saki bayan ta ɗaure, maganin kuwa shi yake tsayarwa, sai jiki ya yi ta ɗaurewa ba saki har mutuwa. Abin da ya ƙudundune tanar lambun nan ke nan. Shi ne kuma ke sa mai feshi ba kariya ya ji jiri, da yawu, da gumi, da rawar jiki, gama sinadarin nan iri ɗaya ne a jikin tana, da na kaza, da na mutum.

A ƙasashen da ke ƙera waɗannan abubuwa akwai gwajin da ake yi kafin a yarda a sayar da maganin gona, ana kuma yin sa ga sinadaran masana'antu da yawa waɗanda za su iya ƙarewa a cikin ƙasa. Ƙungiyar OECD, wadda ke da mazauni a Faris, ita ta tsara shi a 1984, lambarsa 207. Yana da kyau ku san yadda yake, domin ba wani abin tsafi ba ne. Akan haɗa ƙasa ta musamman, kashi 70 yashi, kashi 20 farin yumɓu, kashi 10 ruɓaɓɓen gansakuka. A cuɗa ta da sinadarin, wata kwalba kaɗan, wata da yawa, wata kuma a bar ta ba kome domin kwatance. A sa tana goma-goma a kowace kwalba, a ajiye a ɗaki mai sanyin digiri 20, a bar fitila kunne dare da rana domin kada su fito sama. Ran kwana 7 da ran kwana 14 a zazzage a ƙirga. Wadda aka taɓa kanta ba ta motsa ba, ta mutu. Daga nan sai a fitar da adadin da ke kashe rabinsu, shi ne ake rubutawa LC50, da miligiram a kowane kilo na ƙasa. In adadin ƙarami ne, gubar mai zafi ce. Abin da sai ya haura miligiram 1,000, watau giram guda a kilo, kafin ya kashe rabi, akan ce ba shi da zafi ga tana. Wanda bai kai miligiram 10 ba ya kashe rabi, wannan mugu ne.

Gwajin yana da amfani, amma mu a nan kada mu jingina da shi da dukan nauyinmu. Tanar da ake gwadawa jar tanar juji ce, wadda masana ke kira Eisenia fetida. An zaɓe ta domin tana da sauƙin kiwo a akwati, alhali kuwa bincike ya nuna cewa waɗansu irin tana na gona sun fi ta saurin jikkata. Mu muna da namu iri. Akwai ma wata babba, Eudrilus eugeniae, wadda asalinta Afirka ta Yamma ne, yanzu ana kiwonta a ƙasashe da dama domin yin taki da kamun kifi. Sa'an nan ku dubi ƙasar gwajin, kashi 10 ruɓaɓɓen ganye. Ina ƙasar Daura ta ga wannan? Ruɓaɓɓen ganye da yumɓu su ne ke kama guba su riƙe ta. A ƙasa mai rairayi, wadda ba ta da su sosai, guba takan zauna sake a cikin ruwan ƙasa, ta fi saurin isa ga fatar tana, ta kuma fi saurin gangarawa zuwa ruwan rijiya. Ga kuma zafi. Ɗakin gwaji digiri 20 ne, mu kuwa a watan Afrilu muna ganin 40.

Wani abu kuma, gwajin kwana 14 gawa kaɗai yake ƙirgawa. Tana na iya tsira da rai amma ta rame, ta daina haƙa, ta daina yin ƙwai. Shi ya sa daga baya aka ƙaro gwaji na mako takwas mai ƙirga 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe, da wani na kwana biyu mai duba ko tana za ta guje wa ƙasar. A lambu, wannan ɓarnar ta shiru ta fi yawa. Ba ka ganin gawa a kan fangali, sai dai bayan shekara biyu ko uku ka sa fartanya ka ga ba kowa a gida.

Kada mu yi wa magunguna kuɗin goro, gama ba duka suke ɗaya ba. Mafi muni ga tana su ne dangin kabofuran, wanda aka fi sani da sunan Furadan, da ɗan'uwansa kabaril. Kabofuran yana da zafi ƙwarai, ƙwaya guda tana iya kashe ƙaramin tsuntsu, a Turai kuma an tabbatar da shirwa da shaho sun mutu saboda cin tanar da ta sha shi. Tarayyar Turai da Amurka sun hana amfani da shi a kan abinci tun kafin 2010 ta shigo, a 2017 kuma aka sa shi a jerin abubuwa masu haɗari na yarjejeniyar Rotadam. Akwai maganin ruɓar ganye mai suna kabendazim, da benomil. Mutum ba zai zaci maganin funfuna zai taɓa tana ba, amma illarsu gare ta tabbatacciya ce har masu gwajin ƙwai suka riƙa amfani da su a matsayin ma'auni, in ba su yi wa tana illa ba sai a ce gwajin ne ya lalace. Akwai imidakulofirid, wanda ke cikin magungunan wanke iri da na feshi da yawa, kaɗan daga cikinsa ya isa ya hana tana haƙa. Jan ƙarfe, wanda ke cikin shuɗin maganin feshin tumatir, ba ya ruɓewa, taruwa yake yi shekara bisa shekara. A tsofaffin gonakin inabi na Turai, inda aka daɗe ana fesa shi, tana ta yi ƙaranci. A ɗaya gefen kuwa, dangin saifametirin ba su cika kashe tana a cikin ƙasa ba, ko da yake ga kifi da zuma masifa ne. Yawancin magungunan ciyawa ma ba sa kashe ta nan take. Nasu aikin shi ne su bar ƙasa tsirara, ba inuwa, ba abinci.

Yanzu ga ɗan lissafi, irin wanda muka saba yi a allo. Kadada guda, in ka ɗauki ƙasar sama mai zurfin santimita 5, nauyinta wajen kilo 750,000 ne. In ka watsa kilo guda na guba a kanta daidai wa daida, kowane kilo na ƙasa ya sami miligiram ɗaya da 'yan kai. A kan irin wannan lissafi ne masu ƙera magani ke rubuta ma'auni a kwali. To, amma dubi abin da muke yi. An gama feshi, saura ya rage a tanki, an kuma ɗauraye kwalba, sai a juye duka a gindin mangwaro ko a bakin rijiya, kullum wuri guda. A ce giram 10 kacal ya zuba a fili mai faɗin mita guda da tsawon mita guda. Wannan wuri ya sha ninki 100 na abin da gona ta sha. Maganin da takarda ta ce ba shi da zafi, a nan ya zama mai zafi. Wurin kuwa mai laima ne da inuwa, watau daidai inda tana ke taruwa da rani, daga nan take sake bazuwa cikin lambu. Haka nan wanda aka ce ya sa murfi ɗaya ya sa uku domin ya tabbatar, da wanda ke haɗa magani iri uku a tanki guda saboda maƙwabcinsa ya yi haka.

Mun san amsar da za a ba mu, gama an riga an ba mu ita a wani taro. Wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce, "Malam, ni tumatir nake kai wa kasuwa, ba tana ba." Aka yi dariya, mu ma muka yi. Yana da hujja. Wanda ya ga abin da tsutsar nan da ake kira sharon ta yi wa tumatir a 2016, har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa, ba zai ce a jefar da famfon feshi ba. A shekarar nan ce kuma aka fara ganin sabuwar tsutsar masara a Nijeriya. Ba mu ce kada a yi feshi ba, wanda ya ce muku mun faɗi haka bai ji mu da kyau ba. Abin da muke cewa shi ne, sharon a cikin ganye da 'ya'ya take, tsutsar masara a cikin kunnen masara take. Maganin da ya zuba a ƙasa bai kashe ko ɗaya daga cikinsu ba. Kuɗinka ne ya zube, ya kuma kashe mai yi maka aiki. Asara biyu ke nan a kwalba ɗaya. Ko ciwon saiwar da ya kama tumatirin dattijon nan, maganinsa mai ɗorewa shi ne sauya shuka, a huta da tumatir da attaruhu da kuɓewa a wannan fangali a sa masara ko albasa, a ƙara ruɓaɓɓen taki, a kuma tuge tsofaffin saiwoyi a ƙone.

Maganin gona ba shi kaɗai ba ne. Daura ba garin masana'antu ba ne, amma dattin masana'anta yana zuwa mana a jarka da buhu. Ga baƙin mai. Kowane injin ban-ruwa ana canza masa mai, a ina ake zubar da tsohon? A nan gefen fangali. Baƙin mai yana toshe fatar tana, yana hana ruwa shiga ƙasa, yana kuma ɗauke da ƙarafa da inji ya ci. Ga ruwan batir. Ga sharar gari da muke saye a amalanke mu zuba a gona a matsayin taki. Dā shara toka ce, da kashin awaki, da ƙaiƙayi. Yanzu akwai matattun batura a ciki, da gwangwanin fenti, da ragowar sinadarin rini da sodar masu sabulu. Taki ne mai kyau in an tsince shi, amma wa ke tsincewa?

In muna so mu ga inda wannan hanya take kaiwa, ba sai mun je Turai ba. A Kano, masana'antun jima da na saƙa a Bompai, da Sharaɗa, da Challawa sun daɗe suna sakin ruwa, masu lambu kuma suna ban-ruwa da kogin Jakara da na Challawa. Masana na jami'o'inmu sun sha auna ƙasar waɗannan lambuna suna samun kuromiyam da sauran ƙarafa masu guba. A Zamfara kuwa, a 2010, ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma ta kamu. Sai da aka kankare ƙasar saman gidaje aka kwashe, aka kawo sabuwa. Ƙarfe ba ya ruɓewa kamar ganye. In ya shiga ƙasa ya zauna, tana ta ci, kaza ta ci tana, mu kuma mu ci kaza da ƙwanta. Amurkawa sun koyi wannan darasi a shekarun 1950, sa'ad da suka fesa wa itatuwan tituna DDT. Ganye ya zuba, tana ta ci ganye ba ta mutu ba, tsuntsaye suka ci tana suka yi ta faɗowa matattu a harabar jami'ar Jihar Mishigan. Rachel Carson ta ba da labarin a littafinta na 1962. Mu ma dattawanmu suna tune da zamanin da ake zuba Gammalin 20 a tafki domin kama kifi.

Hukuma ta yi nata. A 2008 NAFDAC ta haramta magungunan gona wajen 30, har da DDT, da aldirin, da linden wanda shi ne ke cikin Gammalin. Daga baya ta sanar da hana farakwat daga farkon 2024, kulofirifos wajen ƙarshen 2024, atarazin kuma daga farkon 2025. Amma doka a takarda take, mu kuwa a bakin iyaka muke, kaya suna shiga suna fita ta Kongolam da kasuwar Mai'aduwa da hanyoyin daji da ba su ƙirguwa. Ma'aikacin hukuma ba zai tsaya a kan kowane tebur ba. Wanda zai iya tsayawa shi ne mai saye, ƙungiya kuwa mai saye ce babba.

Saboda haka ga ra'ayinmu, muna so kowace ƙungiya ta tattauna shi ta yanke shawara. Kada kuɗin ƙungiya, ko bashin da ƙungiya ta bayar, ya sayi maganin da ba shi da kwali, da suna, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa. Wanda aka auno da cokali ko aka ɗura a kwalbar lemo, ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa, domin ran da yaro ya sha shi likita zai tambayi sunansa, ba wanda zai iya faɗa. Magatakarda ya rubuta a littafi sunan sinadarin da ke ciki, wanda ake bugawa da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin babban suna, gama sinadari guda yana iya zuwa da suna goma. In an rasa gane shi a kai wa malamin gona na KTARDA ko a kawo mana. Magani mai tsaki da ake barbaɗawa a ƙasa, da wanda ake kwararawa a gindin shuka, mu dai shawararmu a bar su a lambun kayan miya gaba ɗaya.

Wajen ɗauraya kuwa, in kwalba ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, kowane sau a juye ruwan cikin tankin feshi, a fesa shi a kan shukar da aka saya dominta. Sa'an nan a huda kwalbar domin kada wani ya zuba mai ko nono a ciki. A haɗa daidai abin da za a fesa a ranar. Kada a wanke famfo a bakin rijiya, ko tafki, ko hanyar ruwa. Baƙin mai a tara shi a jarka a fitar da shi daga fadama. Waɗannan ba su cin ko kwabo. Ruwan 'ya'yan bedi da aka daka aka jiƙa kwana guda yana rage ƙwari da dama in an fara da wuri, ga shi kuwa a kowace unguwa. Ba ya maganin kome da kome, kada wani ya ce mun yi masa alkawari.

Ga wanda bai gamsu ba, gani ya kori ji. Ku sami kwano mai faɗi. Ku sa leda a hannu, ku ɗebo ƙasa daga wurin da kuka saba wanke famfo ku zuba a rabi guda, ɗaya rabin kuma ku zuba ƙasar fangalin da ba a taɓa fesawa ba. Ku yayyafa musu ruwa daidai da juna. Ku sa tana goma a tsakiya, ku ɗaure bakin da tsumma, ku ajiye a inuwa inda kaji da yara ba za su kai ba. Bayan kwana biyu ku raba ƙasar a gaban jama'a ku ƙirga ta kowane gefe. Kusan haka masana ke yi a ɗakin gwaji. Kwanon kada ya koma madafa.

Muna kuma roƙon kowace ƙungiya mai lambu ta fara ƙidaya a bana. A zaɓi fangali uku, ɗaya wanda aka fi fesawa, ɗaya wanda aka fi zuba wa takin gargajiya, ɗaya kuma na tsaka-tsaki. A haƙa rami mai faɗin santimita 25 kowane gefe, zurfin santimita 30, a zuba ƙasar a kan buhu, a warware ta da hannu, a ƙirga tana manya da ƙanana, sa'an nan a mayar da su a rufe. A yi da sassafe, sau ɗaya a watan Agusta, sau ɗaya kuma wata guda bayan an fara ban-ruwa. Ba za mu ce muku ga adadin da ya kamata a samu ba, gama fadamar Zango daban, ta Sandamu daban. Abin da muke nema shi ne a gwada fangali da fangali, bana da baɗi. Magatakarda ya rubuta adadin tare da sunan duk abin da aka zuba a fangalin, ya aiko mana kafin ƙarshen Satumba, za mu buga na kowace ƙungiya a wannan shafi.

Dattijon nan ya riga kowa. Ya yarda a bar fangalin da abin ya faru a rufe da kara da takin awaki, ba magani, mun kuma kafa turke a kusurwarsa domin mu san wurin da za mu haƙa in Agusta ta yi.